Guduma da Kunnen Inna

Guduma ake ce masa a layin masu walda, kuma wanda ya laƙaba masa sunan bai zalunce shi ba. Mutum ne da komai nasa da ƙarfi yake yi. In ya ƙwanƙwasa ƙofa sai mutanen gida su fito a guje su ga ko lafiya, in ya yi musabaha da kai sai ka duba yatsunka ko sun cika. Dariyarsa tun daga bakin titi ake jin ta. Yana ɗan saurayi mahaifinsu ya rasu, ya ajiye makaranta ya shiga koyon walda don ya riƙe gida, ya bar mahaifiyarsu, Inna, da goyon ƙaninsa Auta. Da ya tsaya da ƙafafunsa ya tashi gina gida, ɗakin Inna ya fara kammalawa kafin nasa, da hannunsa ya yi mata taga da ƙyaure. Duk unguwa ta shaida wannan, shi ma kuma ba ya barin a manta.

'Yar jitar kuwa tsintuwa ya yi. Ya je sa ƙyaure a wani gida, ya tarar masu gidan na kwashe kaya za su tashi, ga ta yashe cikin tarkacen da za a zubar. Ƙarama ce, da kaɗan ta ɗara tsawon hannunsa daga gwiwa zuwa yatsa, tsirkiyarta huɗu, duk na roba. Matar gidan ta ce masa yukulele ake ce mata, in yana so ya ɗauka. Sunan ya yi wa harshensa nauyi, sai ya bar shi can tare da sauran tarkacen, ya taho gida da 'yar jita.

Ba wanda ya koya masa. Ya lalubo riƙo uku ko huɗu na hannun hagu, inda ake danne tsirkiyoyi a wuyan jitar, ya ce sun ishe shi, tunda a ganinsa kiɗa a hannun dama yake. Ya tara farcen babban yatsansa har ya yi tsawo ya yi kauri, yana gyara bakinsa da magagarin da yake goge ƙarfe. Da farcen nan yake sharɓar tsirkiyoyin gaba ɗaya, sama da ƙasa, tun daga kafaɗa hannun ke tasowa, ga zoben azurfa yana walƙiya. Tsakani da Allah kiɗan na da armashi. Yara na rawa, maƙwabta na leƙowa ta katanga. Sai dai ba don su yake yi ba.

Don Inna yake yi. Tun wani zazzaɓi da ya kwantar da ita kunnenta ya yi nauyi, kuma a duk gidan muryar Guduma da kiɗansa kaɗai ke isa gare ta ba sai an maimaita ba. Ranar hutu, in an ci abinci an kwashe kwanuka, sai a shimfiɗa mata tabarma a inuwar ƙofar ɗakinta, ya zauna a gabanta ya yi ta duka. Ita kuma ta riƙa gyaɗa kai. In ya gama ta ce, "Ɗana mai kiɗa. Allah ya yi maka albarka." Maganar ba ta da tsawo, amma da ita yake yin mako guda yana fama da ƙarfe. Matarsa, wadda ake kira Malama saboda tana koyarwa a firamare, ta sha cewa da za a auna shi kafin albarkar da bayanta, da an tarar ya ƙara nauyi.

Auta kuwa ya girma ya zama mai aski, da shagonsa da iyalinsa a wata unguwa. Mutum ne mai sanyin hali, wanda ko tari zai yi sai ka ga kamar zai nemi izini. Lokacin da Guduma ya sayi sabuwar 'yar jita irinta mai sheƙi, sai ya miƙa masa tsohuwar da ta riga ta tsage a gefe, ya ce ya kai wa yara su yi wasa. Yaran ba su gan ta ba. A shago Auta ya rataye ta kusa da madubi, in babu kai a kujera sai ya sauko da ita. Sana'arsa ba ta barin farce, don haka da tsokar yatsa yake taɓa tsirkiyoyin, ɗaya bayan ɗaya: babban yatsa na kula da biyun sama, manuni da na tsakiya na kula da biyun ƙasa. Sautin ko ƙofar shago ba ya kaiwa.

"Kiɗan sauro ke nan," in ji Guduma duk sanda ya gan shi. "Kai Auta, kiɗa kake yi ko gulma kuke yi da ita?"

Auta sai ya yi murmushi. Amfaninsa ɗaya ne a wajen yayansa. Shekarun walda sun bar wa Guduma wani ƙugi a kunne, ba ya iya tantance ko tsirkiya ta saki. Saboda haka duk ranar hutu Auta ne ke murɗa masa 'yan maɗauran da ke kan jitar har ta daidaita, ya ɗan taɓa ta ya gwada, ya miƙa masa, ya koma gefe. Inna kan dube shi da tausayi ta ce, "Shi Auta bai samu kiɗa ba, sai gyara." Babu wanda ke jin daɗin wannan magana kamar Guduma.

Haka aka yi ta tafiya har furfura ta fara leƙowa a gemunsa. Sai wata ranar hutu ya zauna ya zuba kiɗa har gumi na ɗiga daga haɓarsa, Inna na sunkuye tana ninke ɗankwalayenta. Da ya tsaya ya share goshi yana jiran albarka, sai ta ɗago kai ta dube shi.

"Yau ba za ka yi mana kiɗan ba ne?"

Ba wanda ya yi dariya. Guduma ya ji maganar har cikin ƙashinsa, domin ya gane kunnen ya ƙarasa rufewa, kuma da shi aka rufe. Washegari bai buɗe shago ba. Ya naɗe jitar a tawul ya nufi wajen tsohon abokinsa Mai Rediyo, wanda ke zaune kullum tsakanin gawarwakin rediyo da talabijin, cikin warin dalma.

"So nake Inna ta ji," in ji Guduma. "Ka haɗa mini ita da lasifika, irin ta masu tallan magani."

Mai Rediyo ya juya jitar, ya leƙa raminta, ya ja tsirkiya ɗaya. "Ta roba ce. Abin da ake sa wa manyan jita ba zai ji ta ba, shi ƙarfe kawai yake ji. Sai dai wannan." Ya zaro wani ɗan faifan tagulla da bai fi murfin kwalba ba, da siririyar waya a jikinsa. "A cikinta zan manna shi, ƙarƙashin inda aka ɗaure tsirkiyoyi. Rawar katako yake ji, ya aika wa akwatin lasifika, akwati ya faɗa wa duniya. Amma in gaya maka tun yanzu, abokina, abin nan ba shi da kara. Duk abin da ya taɓa katakon sai ya faɗa, ko da maɓallin rigarka ne."

"Ya faɗa mana. Ni me nake ɓoyewa?"

"Kuma kada ka zauna a gaban akwatin. In jita ta ji muryarta ta dawo mata, kuka za su yi ta yi wa juna. Akwati a gaba, kai a baya."

Guduma ya ce ya ji. Ya ɗauko akwatin a kafaɗa har gida, ya kwana biyu yana yi masa ƙafafu da mariƙi na ƙarfe, ya shafa fenti. Ranar hutu ya girke shi a tsakar gida, ya zauna daram a gabansa, ya murɗe maɓallin sauti har ƙarshe. Ƙarar da ta tashi ta sa kyanwar gidan ta haura katanga, har Inna sai da ta zabura. Sai a sannan ya tuna da gargaɗin. Aka matsar da akwatin gaban Inna, aka ja doguwar waya, ya koma bayanta ya zauna a kan benci. Ya gyara hula, ya ɗaga hannu tun daga kafaɗa, ya sauke.

Abin da ya fito, a gaskiya, ba kiɗa ba ne. Zobe na ƙwas-ƙwas a katako, farce na karce, maɓallin riga na gurzar bayan jitar, tsirkiyoyi huɗu sun cakuɗe suna ta ihu lokaci guda. Duk wannan da ma yana nan shekara da shekaru, iska ce ke rufa masa asiri. Shi kuwa gwano ba ya jin warin jikinsa, sai ƙara himma yake yi. Inna ta toshe kunne da yatsa, ta ɗaga kai ta dubi rufin ɗaki.

"Wa ke gyaran kwano a gidan nan?"

Malama ta shige kicin da sauri, kafaɗunta na rawa don dariya.

"Tsirkiya ce ta saki," in ji Guduma, fuska a murtuke. "Auta, karɓi ka gyara."

Auta ya karɓa ya zauna a bencin. Ya murɗa nan, ya murɗa can. Sannan ya yi abin da ya saba yi duk ranar hutu ba wanda ya taɓa kula: ya ɗan taɓa wani gajeren sauti don ya ji ko ta daidaita. Amma yau akwati na kunne. Sautin ya fito ɗaya bayan ɗaya, kowanne da cikarsa, kowanne ya gama maganarsa kafin na bayansa ya shigo. Hannun Inna ya tsaya cak a kan ɗankwali. Ta miƙa tafinta ta ɗora a jikin akwatin.

"Wane ne wannan?" Ba ta ko juyo ba.

"Auta ne, Inna!" Guduma ya ɗaga murya. "Gyara yake yi, yanzu zai ba ni!"

"Ya ƙara."

Auta ya dubi yayansa kamar mai laifi, ya ƙara. Inna ta fara bin sautin da hanci, muryarta na karkacewa irin ta wanda ya daɗe bai ji kansa ba. Hawaye ya gangaro mata.

"Wannan ai nawa ne," in ji ta. "Shi nake yi in ina wanki kana bayana. Ni da na ɗauka ya tafi tare da kunnena. Ashe kai ka ajiye mini shi. Auta, ashe kai ne mai kiɗan. Allah ya yi maka albarka."

Guduma na tsaye da hannu biyu a sake. Bai taɓa jin wannan sautin a bakin Inna ba a rayuwarsa, kuma ya san dalili. Lokacin da Inna ke rera shi a bakin baho, shi yana can layin walda tartsatsi na cin rigarsa. Sabulun wankin ma shi ya saya.

An ce kishi kumallon mata ne. Wanda ya faɗi haka bai ga Guduma a wannan makon ba. Abinci ya daina yi masa daɗi, ƙarfen da bai yi masa komai ba ya sha duka. Ba ya ƙin Auta, Allah ya sani, shi ya yi masa aure, shi ya buɗe masa shago. Amma in ya tuna yadda Inna ta ɗora hannu a akwatin sai kishin ya taso masa sabo.

"Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi," ya ce wa Malama da safe tana haɗa jakar makaranta. "Ni na sayi jita. Ni na sa aka manna mata abin. Ni na ɗauko akwati a kafaɗa. Shi me ya kawo? Yatsu!"

"To ai yatsun ake ji, maigida."

"Au, ke ma kin bi su?"

"Ni ban bi kowa ba. Amma in kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza."

Ya yi tsaki ya fita, ya bugo ƙyauren da shi da kansa ya ƙera.

Ranar hutu ta gaba ya naɗa kansa mai kula da akwati. Ya tsuguna a gefensa da sunan duba waya. Da Auta ya fara, sai ya sa ƙaramin yatsa ya riƙa murɗa maɓallin baya, kaɗan-kaɗan, yana kallon sama. Dattijo da gemu da 'ya'ya har sun kai sakandare, ga abin da yake yi. Ya manta tafin Inna na kan akwatin, kuma abin da kunne ya rasa tafi bai rasa ba.

"Akwatin nan ya gaji ne?" in ji ta.

"Wuta ce ba ta da ƙarfi, Inna!"

Inna ta leƙa cikin ɗakinta, inda fanka ke juyi kamar za ta tsinke. Ta dubi fankar, ta dubi ɗanta. Ba ta ce masa ya yi ƙarya ba, da ma ta faɗa da ya fi masa sauƙi.

"A shigar mini da shi ɗaki, kusa da gado," in ji ta. "Bayana ya daina son tabarma. Ni zan riƙa murɗa abina."

Tun daga ranar tsarin ya canza. Inna ta kwanta a gado ta fuskanci akwati, bayanta ga ƙofa, hannunta a kan maɓalli. Mai kiɗa kuma ya zauna a kujera 'yar tsugunno a bakin ƙofa, inda jita ba za ta yi kuka ba. Ba ta hana Guduma nasa rabon ba. In Auta ya ce, "Ga Yaya zai karɓa," Malama ta je ta faɗa mata a kunne, sai ta rage sauti ta saurara da haƙuri. In ya gama ta ce, "Sannu da ƙoƙari." Sannu da ƙoƙari! Abin da Malama ke ce wa yaron da ya zo na ƙarshe a aji. Ya cire zoben, ya rage duka, duk da haka sannu da ƙoƙari ce.

Ya san maganin abin, amma ya roƙi Auta ya koya masa? Yaron da ya goya a kafaɗa, wanda ya share wa majina? Gara ya haɗiyi guduma. Sai kawai ya tsiri zuwa aski. Mutumin da a da sai gashi ya dame shi yake zuwa, yanzu ba ya rufa mako bai zauna a kujerar Auta ba, ga kan da ma rabinsa sanƙo ne.

"Kan nan naka in aka ƙara aske shi sai a kai ga ƙwaƙwalwa," in ji Malama.

Auta bai tambayi komai ba. Zai yafa masa ƙyalle, ya ɗan zagaya da inji, sai ya kashe ya ce, "Inji ya yi zafi, Yaya, bari ya huce." Ya sauko da tsohuwar jitar, ya tsaya daidai inda hannunsa na dama zai fito sosai a madubi, ya fara sautin Inna a hankali, a hankali, kamar mai koyo. Guduma ya yi kamar yana duba gemunsa, alhali idonsa na kan yatsun.

"Ni dai in na yi sauri sai in ɓata," in ji Auta, yana kallon bango. "Gaɓa ɗaya nake kamawa in yi ta maimaitawa har yatsa ya haddace, sannan in ƙara wata."

"Wa ya tambaye ka?"

"Ba kowa, Yaya."

Wani zuwan kuma ya ce wa bangon, "Kafaɗa ba ruwanta a ciki. Tsintsiyar hannu ce kawai, ita ma ba sosai ba." Wani zuwan ya ce, "Kan rami ba ta da daɗi. Inda wuya ya haɗu da ciki, nan ta fi zaƙi." Kullum Guduma sai ya fito shagon da kai fes da zuciya baƙa. Da Auta ya yi masa gori ko sau ɗaya, da ya samu abin kamawa ya yi faɗa ya huce. Amma mutum ya ƙwace maka uwa, sannan ya bi ka da kirki, wannan ina za ka kai ƙara?

Wata safiya aka ɗauke wuta a layin walda, injuna suka yi tsit. Guduma ya janyo ƙyauren shagonsa ya bar 'yar kafa don haske. Ya daɗe yana kallon farcen nan da ya yi shekaru yana kiwo. Sannan ya ɗauki almakashin yankan kwano ya datse shi. Yatsan ya fito fari, tsirara, har ya ba shi kunya. Sai kuma ya tarar da wata matsalar: tsokar yatsunsa ta yi kanta, in ta taɓa tsirkiya ƙara take yi kamar farcen. Dutsen goge kaushin Malama ya ɓata daga banɗaki, man shafawarta ya riƙa ƙarewa da wuri. Ta gani, ta sayo wani.

Kullum yana fita da jitar da sunan zai duba mata wani abu. In wuta ta tafi ya rufe ƙyaure, ya cusa tsumma ƙarƙashin tsirkiyoyi don kada maƙwabta su ji Guduma na kiɗan sauro. Hannun ya ƙi jin magana, da ya kai gaɓa ta uku sai kafaɗa ta taso da kanta. Ya ɗauko igiya ya ɗaure damtsensa da ƙirjinsa. Haka Mai Rediyo ya leƙo wata rana ya same shi, a ɗaure, gumi sharkaf, yana lallaɓa tsirkiya da harshe a waje. Mai Rediyo ya buɗe baki, ya ga idon abokinsa, ya rufe bakinsa, ya ja masa ƙyauren.

Zafi ya wuce, ruwa ya sauka, ruwa ya ɗauke. Abin da ke riƙe da shi guda ɗaya ne, kullum yana hango shi: zai kaɗa sautin daga farko har ƙarshe, Inna ta juyo, ta ga shi ne, ta mayar masa da sunansa. Ba ya son a ce ya fi Auta. To, yana so, amma zai haƙura da a ce ɗana mai kiɗa.

Sai ga wata ranar hutu Auta ya aiko cewa shago ya cika, zai ɗan makara. Guduma ya leƙa ɗakin Inna. Tana kwance, bayanta ga ƙofa, ta riga ta kunna akwati, 'yar jar fitilarsa na ci, tafinta na kai. Jira take yi, kuma ya san ba shi take jira ba. Ya koma ɗaki ya sa riga marar maɓalli. Ya zauna a kujera 'yar tsugunno, ya soka waya, ya manne gwiwar hannunsa da haƙarƙari. Malama na shanya a tsakar gida, ta tsaya da zane a hannu.

Sautin farko ya fito yana rawa. Na biyu ya tsaya da ƙafarsa. Babban yatsa ya kama biyun sama, manuni da na tsakiya suka amsa daga ƙasa, kowanne ya jira ɗan'uwansa. Babu ƙwas, babu karce. Inna ta gyara kwanciya.

"Ka iso," in ji ta.

Ya ce a ransa bari ya kai ƙarshe tukuna, sannan ya yi magana. Ta fara bin sa da hanci. Ya wuce gaɓar da kullum ke kayar da shi, ya wuce ta bayanta, ya sauke sautin ƙarshe ya bar shi ya mutu da kansa. Ya cika ƙirji da iska zai ce ni ne, sai Inna ta riga shi. Kuma ita, kamar duk mai nauyin kunne, in ta yi raɗa har tsakar gida ake ji.

"Na yau ya fi na kullum. Yau da nauyi a hannunka, kamar mai roƙon wani abu. Ɗana mai kiɗa. Allah ya yi maka albarka, Auta." Ta share ido da bakin ɗankwali. "Ka riƙa nuna wa yayanka mana, a hankali, kada ka ce ni na ce, ka san shi da zuciya. Duk abin da ke ɗakin nan guminsa ne, har kunnen da nake jin ka da shi. Amma kiɗa ba rabonsa ba ne, bawan Allah. Shekara da shekaru ina gyaɗa masa kai don ya ji daɗi."

Iskar na nan a ƙirjinsa. Ihu ɗaya ya isa, kuma a duk unguwar babu mai ihunsa. Amma in ta juyo za ta ga wanda ta faɗa wa wannan maganar, kunya ta kama ta a gadonta. Daga nan kuma za ta koma gyaɗa masa kai, ta yi ta ce masa ɗana mai kiɗa har ƙarshen ranta, shi kuma ba zai sake sanin na gaske da na lallashi ba. Yabon gaskiya guda ɗaya ya taɓa samu a wajenta, shi ne wannan, kuma da sunan wani ya zo.

Ya ɗaga kai ya ga Auta tsaye a tsakar gida kusa da Malama, takalmi a hannu. Ya ji komai. Guduma ya dube shi da wani irin haushi: ga mutum ko tsirkiya bai taɓa ba yau, yana tsaye yana kwasar albarka. Auta ya ajiye takalmin ya tako zai shiga ɗakin ya nuna mata kansa, ya gyara zancen. Guduma ya miƙe ƙafa ya tare ƙofar, ya nuna masa benci da haɓa. Auta ya tsaya, ya dubi Malama, ya koma ya zauna.

"Ka yi shiru," in ji Inna. "Ƙara mini, kada ka tsaya."

"To, Inna," in ji Guduma, a hankali, yadda ba za ta ji ba. Ya mayar da babban yatsansa kan tsirkiyar sama. Inna ta lalubi maɓalli ta ƙara sauti.